Maƙerin da Ba Ya Tambaya

Wata Lahadi, a majami'ar da nake sujada, wata uwa ta fito yin godiya. Zumuntar mata suka rako ta da tulu da caki, tana rawa tana share hawaye da bakin zane. Ɗanta ya karanta aikin injiniya a jami'a, ya yi bautar ƙasa, ya zauna shekara biyar ba aiki, sai gyaran janareta a bakin kasuwa. Yanzu kuwa an ɗauke shi a wani kamfani mai ƙera makamai, har an ce za a tura shi ƙetare ya ƙaro ilimi, in ya dawo a ba shi shugabancin sashe. Fasto ya ɗora wa yaron hannu ya ce Allah ya buɗe ƙofa, jama'a suka amsa da babbar murya. Ni ma na ce amin, gama wa zai ga hawayen uwa irin wannan ya kame bakinsa? Amma kafin a yi addu'ar sallama na fara jin kunyar amin ɗin nan. A cikinmu duka, da fasto da dattawa da ni kaina, ba wanda ya tambayi yaron abin da zai riƙa ƙerawa, ko hannun wa abin zai shiga, ko a kan wa zai faɗi.

Abin da nake so in faɗa wa 'yan'uwa masu bi ke nan, ko da zai yi ɗaci. Mun ɗauki aikin ƙera makamai kamar kowane aikin albashi, mun sa shi layi ɗaya da aikin banki da na gidan waya. Wannan kuskure ne. Mai bi da ya ba da basirarsa ga masana'antar makamai, a ƙasar da ba mai iya tsawata wa masu riƙe da bindiga, ya sa hannu a jinin da bai ga zubarsa ba, kuma kowane ƙarin girma da aka yi masa ƙarin kaya ne a wuyansa. Hujjata tana a ƙauyukan Hausawan Sudan, tsakanin Jazira da bakin Shuɗin Nilu, inda aka ga aikin injiniya iri biyu a ƙasa ɗaya, aka kuma ga ƙarshen kowanne.

Kafin mu je can, bari mu tsaya a maƙerar ƙauye. Maƙerin da muka tashi muka gani yakan ƙera fartanya da garma da lauje, yakan kuma ƙera kan kibiya da mashi, wani ma har bindigar toka. Ba wanda ya taɓa ce masa mai kisankai. Me ya sa? Domin ya san mai saye. Ya san maharbin da ke neman gada, ya san wanda ke tsaron rumbunsa. In wani saurayi da aka san yana da gaba da maƙwabcinsa ya zo da dare yana neman kibau ashirin, maƙeri zai ajiye guduma ya tambaye shi, in amsar ba ta gamshe shi ba gari na wayewa maganar tana gaban mai unguwa. Tambayar nan tana cikin sana'ar, kamar zuga-zugi da uwar maƙera. Injiniyan masana'antar makamai maƙeri ne wanda aka cire wa tambaya. Ranar da aka ɗauke shi aiki yakan sa hannu a takardar rufe baki, daga nan kuma sai zane da awo da lissafi.

To, yaya Hausawa suka kai Sudan? Hanyar Makka ce ta kai su. Tun kafin mota da jirgi, mahajjata sukan tashi daga Kano da Sakkwato da Katsina a ƙafa, su bi ta Barno da Wadai da Darfur, su yi shekaru a hanya suna ƙwadago suna tara guzuri. Waɗansu suka isa suka dawo, waɗansu da yawa suka zauna. Bayan da Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a zuwa gabas, a 1906 suka kafa gari a bakin Shuɗin Nilu, kudu da Sannar kaɗan. Har yau sunan garin Mai Wurno. Daga nan ƙauyukan Hausawa da Fulani suka bazu a bakin kogin har wajen Rusairis da Damazin, suna noma da su da kasuwanci. Mutanen ƙasar suna ce da su Fallata ko Takari.

A 1925 aka gama madatsar ruwa ta Sannar, tsawonta wajen kilomita 3. Wanda duk ya taɓa ban ruwa da jigo zai gane girman abin da injiniyoyin nan suka yi. Sun lura ƙasar da ke tsakanin Shuɗin Nilu da Farin Nilu, wadda ake ce wa Jazira, shimfiɗaɗɗiya ce mai ɗan gangare zuwa arewa. Saboda haka suka ɗaga ruwan da madatsa, suka bar shi ya gangara da kansa, ba famfo ba inji. Daga babbar magudana ya shiga matsakaita, daga nan ya shiga ƙanana, har ya kai ga waɗanda manoma ke kira abu ishirin da abu sitta, waɗanda ke zuba a gona. Da aka ƙara yankin Manakil a wajen 1960, gonar ta kai fadan miliyan 2, fadan ɗaya kuwa ya ɗara eka kaɗan. Auduga da dawa da gyaɗa da alkama, duk daga ruwa mai tafiya da ƙafarsa. A 1966 aka gina wata madatsar a Rusairis, wadda ta ba ƙasar wutar lantarki. Ba na wanke Turawan mulkin mallaka. Audugar masaƙun Ingila suke nema, ba ƙaunar talaka ta kawo su ba. 'Yan ƙwadagon da suka ɗebi audugar nan, Hausawa da mutanen Darfur da sauransu, yawancinsu ba a ba su gona ba. An bar su a zangunan da ake kira kambo, a gefen magudana, suna shan ruwan da suke wanka a ciki, tsargiya da zazzaɓin cizon sauro suna cin 'ya'yansu. Duk da haka aikin ya ciyar da mutane shekara kusan 100. Abin da ya rage kuwa aikin injiniya ne shi ma: ruwan sha mai tsabta a kambo, da kwashe laka da ciyawar da ke toshe magudanu, da gyaran ƙofofin ruwa da suka tsufa.

Ina injiniyoyin da za su yi wannan suka tafi? Waɗansu sun tafi ƙasashen Larabawa neman kuɗi. Waɗansu kuwa gwamnati ta nuna musu wata ƙofa mai albashi da gida da mota. Tun wajen 1960 wani kamfanin Jamus mai suna Fritz Werner ya gina wa Sudan masana'antar harsashi a Shajara, kudancin Hartum. A 1993, shekara huɗu bayan juyin mulkin Umar al-Bashir, aka kafa babbar hukumar ƙera kayan yaƙi, wadda mutanen ƙasar ke kira Tasni'ul Harbi. Ƙarƙashinta akwai masana'antar Yarmuk a Hartum, mai yin bindigogi da harsasai da rokoki. A shekara ta 2000 aka buɗe birnin masana'antu na Giad, wato ingarmun dawakai da Larabci, a cikin jihar Jazira kanta, wajen kilomita 50 daga Hartum a hanyar Wad Madani. A Giad ana harhaɗa ƙananan motoci da manya da tarakta, ana kuma harhaɗa motocin yaƙi. Garma da takobi a maƙera ɗaya, kuma mai takobi ne ke riƙe da makullin. Daga baya aka sauya wa hukumar suna, aka cire kalmar yaƙi aka sa kalmar tsaro. Mai karatu ya lura da wannan. A ko'ina cikin duniya haka ake yi, gama uwa ba za ta yi rawa a majami'a ba in an ce ɗanta ya sami aikin yaƙi, amma in an ce aikin tsaro ne za ta yi.

Hukumar nan ta yi girma har ta fi ƙarfin gwamnatin da ta haife ta. Lokacin da Amurka ta sa mata takunkumi a watan Yuni na 2023, baitulmalin Amurka ya ƙiyasta kuɗin shigarta a dala biliyan 2, ta hanyar ɗaruruwan kamfanoni da ke ƙarƙashinta. Gwamnatin farar hula ta Abdallah Hamdok ta nemi a kawo kamfanonin soja ƙarƙashin ma'aikatar kuɗi, wannan na cikin abubuwan da suka haɗa ta rigima da janar-janar, a ranar 25 ga Oktoba 2021 kuwa soja suka hamɓarar da ita. Ga ƙarshen tsanin da muke yi wa 'ya'yanmu addu'a su hau: shugaban hukumar, Mirgani Idris Sulaiman, a watan Oktoba na 2024 Amurka ta sa sunansa shi kansa a takunkumi, a kan sayo wa soja makamai, har da jirage marasa matuƙi daga Iran.

An ce duk wannan domin tsaron ƙasa ne. To, daga wa aka tsare ta? Mafi yawan yaƙe-yaƙen da sojan Sudan ya yi tun samun 'yancin kai a 1956, da 'yan ƙasarsa ya yi su: Kudu, da duwatsun Nuba, da Darfur daga 2003, da Shuɗin Nilu daga 2011. A daren da abokin gaba na waje ya zo kuwa, cikin Oktoba 2012, masana'antar Yarmuk ba ta iya tsare ko kanta ba. Ta kama da wuta, gwamnati ta ce jiragen Isra'ila ne suka kai harin, ɓaraguzai suka yi ta faɗawa gidajen talakawan da ke maƙwabtaka da ita. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma wannan tsuntsun a kan rufin talaka ya yi sheƙa.

Hausawan Shuɗin Nilu sun ɗanɗana tun kafin babban yaƙi. A watan Yuli na 2022 rikici ya tashi tsakaninsu da maƙwabtansu a kan ƙasa da neman sarauta, aka kashe fiye da mutum 100, dubbai suka gudu daga Rusairis da kewaye. A watan Oktoba aka sake a Wad al-Mahi, fiye da 200 suka mutu cikin 'yan kwanaki. Rigimar gona da sarauta tsohuwa ce, muna da irinta a nan. A dā takan ƙare da fasassun kawuna da zaman sulhu a gindin bishiya. Abin da ya mai da ita kabarin bai ɗaya shi ne bindigar da ta cika ƙasar.

Sai ranar 15 ga Afrilu 2023, sa'ad da sojan Janar Burhan da dakarun RSF na Hamidati suka juya wa juna baki. RSF ɗin nan gwamnati ce ta kafa ta a 2013 daga cikin Janjawid, ta ba ta makamai da hannunta. A watan Yuni suka ƙwace Yarmuk, daga baya Giad ma ta faɗa hannunsu, sai a farkon 2025 soja ya karɓe su. Injiniyan da ya yi shekara ashirin yana gaya wa kansa cewa gwamnati halattacciya yake yi wa aiki, ya wayi gari rumbun da ya cika yana hannun wanda gwamnatin ke kira ɗan tawaye. A watan Disamba na 2023 Wad Madani ta faɗi, garin da dubban ɗaruruwan 'yan gudun hijirar Hartum suka fake a ciki. A Wad an-Nura an kashe fiye da mutum 100 a rana ɗaya cikin Yuni 2024. A ƙarshen wannan watan aka kama Sinja, mutanen ƙauyukan bakin kogi suka watse. Noman Jazira ya durƙushe, aka kwashe taraktoci, har ma'ajiyar iri ta ƙasa da ke Wad Madani aka wawashe. Da soja ya dawo a Janairu 2025, mazauna kambo suka sake shan wuta, wannan karon daga mayaƙan da ke goyon bayan soja, waɗanda suka zarge su da haɗa kai da RSF. A Kambo Tayba kaɗai ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙidaya aƙalla mutum 26. Jikokin waɗanda suka ɗebi audugar Jazira, ɓangare biyu duka suka harbe su.

Wani zai ce da ni yawancin makaman yaƙin nan daga waje aka kawo su. Gaskiya ne, a 2024 ƙungiyar Amnesty ta gano makaman Sin da Rasha da Turkiyya da Sabiya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa a filin dagar. Wannan bai rage kome daga maganata ba. Harsashi ba ya faɗowa daga sama kamar ƙanƙara. Kowane ɗaya wani mai ilimi ne ya auna faɗinsa, ya lissafta albarushin da zai ci, ya gwada shi ya sa hannu cewa ya yi kyau. Wannan mai ilimin ɗan wata ne, a wata ƙasa, wataƙila ita ma ta yi godiya a tata majami'ar.

Na san amsar da yaranmu masu ilimi suke bayarwa, gama na sha jin ta. Sukan ce, Baba, ni ƙarfe nake aunawa, ban taɓa ɗana kunamar bindiga ba, laifin yana kan wanda ya harba. Ɗana, buɗe Ayyukan Manzanni ka karanta labarin kashe Istifanas. Shawulu bai jefa dutse ko ɗaya ba. Tufafin masu jifa kawai ya tsare, domin hannuwansu su sake. Amma shekaru bayan haka, da ya zama Bulus, shi da bakinsa ya lissafta tsaron tufafin nan cikin laifofinsa a gaban Ubangiji. Sarki Dawuda ma bai taɓa Uriya ba. Wasiƙa ya rubuta daga fada, takobin Ammonawa ne ya yi kisan a wani gari mai nisa. Da annabi Natan ya zo, bai nemi Ba'ammonen da ya yi saran ba, kan mai wasiƙar ya ɗora jinin. Ashe nisa ba ya wanke hannu, takarda da alƙalami ma suna kisa. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Akwai wanda ya fi mu duka sanin wannan sana'a. Mikhail Kalashnikov, mutumin Rasha wanda ya ƙera bindigar AK-47 da yanzu kowane yaro a ƙasarmu ya san sunanta, ya yi shekaru yana cewa laifin 'yan siyasa ne, shi ƙasarsa ya tsare. Amma daga baya, yana da shekara fiye da 90, ya rubuta wa shugaban ikkilisiyar Otodoks ta Rasha wasiƙa, ya ce ransa yana cikin azaba, yana tambaya ko shi mai bi yana da alhakin mutanen da bindigarsa ta kashe. Ya mutu a Disamba 2013, aka buga wasiƙar bayan mutuwarsa. Ikkilisiyar ta amsa cewa makamin da ya tsare ƙasa abin yabo ne. A ganina ta cuci tsohon nan. Ya zo da lamiri mai ciwo, aka shafa masa mai aka sallame shi. Amin ɗin da muka ce ran Lahadin nan irin wannan amsar ce, sai dai mu mun ba da ita tun kafin a yi tambayar.

Yanzu bari in saurari ɗan'uwan da ya fi kowa hujja a kaina, wato wanda aka ƙone majami'arsa. Zai ce: kai da kake rubutu, ka taɓa kwana a kan dutse da 'ya'yanka? An sace 'yan matan Chibok a 2014, an kori ikkilisiyar EYN daga hedkwatarta a wannan shekarar, 'yan bindiga sun hana noma a ƙauyuka ba iyaka. In soja ba shi da makami wa zai tsare mu, in kuma dole a sami makami, ba gara ɗanmu mai tsoron Allah ya ƙera shi ba? Ban raina wannan magana ba. Ban kuma ce aikin soja haram ne ba. Yahaya Maibaftisma bai ce wa sojoji su tuɓe kaki ba, ƙwace da ƙazafi ya hana su. Karniliyas jarumin soja ne aka yi masa baftisma. Bulus ya koya wa Romawa cewa mahukunci yana riƙe da takobi domin hukunta mai mugunta. Amma a lura, sojan da ke fili yana ganin wanda ke gabansa. In an ce ya harbi mace mai goyo yana da ido da zai gani, yana iya ƙi, ko da zai sha hukunci. Mai ƙera makami ba shi da wannan zarafi. Abin da ya fita ƙofar masana'anta ya fita daga ikonsa har abada, bindiga kuwa takan fi wanda ya ƙera ta tsawon rai, ta fi gwamnatin da ta yi odarta. Tsoron Allah na injiniya ba ya bin harsashi zuwa inda za shi. Takobin da Bulus ya yi magana a kai kuwa na hukunta mai mugunta ne. A ranar 3 ga Disamba 2023 jirgin soja marar matuƙi ya jefa bom a kan masu Mauludi a Tudun Biri ta jihar Kaduna, aƙalla mutum 85 suka mutu. A Janairu 2017 jirgin yaƙi ya yi haka a sansanin 'yan gudun hijira a Rann. Na'urar ba ta yi kuskure ba, ta faɗi daidai inda aka nuna mata.

Kada kuma wani ya ce a zuciyarsa, ai Hausawan Sudan Musulmi ne, ina ruwanmu. Kunya ce a ce sai an tuna wa mai bi wane ne maƙwabcinsa. Amma ga labari ga mai wannan tunani. Mishan ɗin SIM, uwar ECWA, ta yi aikin bishara a Sudan ma, a cikin kabilun Uduk da Maban, kusa da iyakar Habasha. A watan Agusta na 1940 jiragen Italiya suka jefa bom a tashar mishan ta Doro, suka kashe likita Robert Grieve da matarsa. Shekara 71 bayan haka, da yaƙi ya tashi a jihar Shuɗin Nilu a 2011, jiragen Antonov suka riƙa mirgino gangunan ƙarfe masu fashewa a kan ƙauyuka. Kiristocin Uduk, 'ya'yan ikkilisiyar da mishan ɗin nan ta dasa, suka gudu da ƙafa, sansanin da suka fake a ciki kuwa sunansa Doro, a wannan wurin dai. Jihar da suka baro ɗaya ce da ta Hausawan Rusairis. A 2023 ma babbar majami'ar Angilikan ta Hartum ta zama sansanin mayaƙa. Bom ba ya tambayar sunan baftisma.

Maganar shugabanci ita ta fi damuna, gama ita iyaye suka fi yi wa addu'a. Ƙaramin ma'aikaci yana iya cewa bai san mai saye ba. Darakta ya sani. Shi yake zama da masu oda, shi yake sa hannu a takardar fitar da kaya, shi yake zuwa baje kolin makamai yana tallata hajarsa kamar mai sayar da atamfa. Kuma ba a kai mutum kujerar nan sai an gwada shi shekara da shekaru an tabbata ba mai tambaya ba ne. Littafin Tarihi na Biyu ya ba da labarin sarki Uzziya, wanda ya haƙa rijiyoyi da yawa domin yana ƙaunar noma, daga baya gwanayensa suka ƙago masa na'urorin harba kibau da manyan duwatsu daga kan hasumiya. Sunansa ya kai nesa. Abin da marubucin ya faɗa nan da nan bayan wannan shi ne girmankan da ya kai shi ga kuturta.

Mu a nan muna da tamu masana'antar, DICON ta Kaduna, wadda aka kafa a 1964, kuma Fritz Werner ɗin nan da ya gina ta Shajara shi ya gina ta. A 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar da ta buɗe ƙofar haɗin gwiwa da kamfanoni masu zaman kansu, saboda haka guraben aiki irin na yaron majami'armu za su ƙaru. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Kafin mai bi ya karɓi irin wannan aiki, sai ya san ko majalisa da kotu suna iya buɗe littattafan kamfanin, ko ana lissafin inda kowane akwati ya tafi, ko an taɓa hukunta wani babba da ya karkatar da makami ko ya jefa shi a kan bayin Allah. Sai ya san kuma ko yana da ikon cewa wannan odar ba zan yi ba, kamar yadda ungozoman Ibraniyawa suka ƙi umarnin Fir'auna. In amsar babu ce, shawarata ya koma gyaran janareta har Allah ya kawo wani. Na san nauyin wannan magana a gidan da ake jiran albashin fari. Saboda haka nauyin ba na yaron kaɗai ba ne. Ikkilisiyar da ke da kuɗin sayen tayil da manyan lasifika tana da kuɗin ɗaukar injiniyanta ya haƙa rijiyar burtsatse, ya sa wutar sola a asibitin mishan, ya gyara madatsar ƙauye. Kachalla ta toshe magudanun Haɗeja kamar yadda laka ta toshe na Jazira. Aiki bai ƙare ba, mai biya ne babu, mu kuwa ba mu taɓa sa wannan a kasafin majalisar dattawa ba.

Waɗanda suka riga suka shiga, ban ce a hana su jibin Ubangiji ba. Na ce fastonsu ya zauna da su ya yi musu tambayar maƙerin ƙauye, ya kuma shirya tsayawa tare da su ranar da amsar za ta raba su da aikin.

Bayan sujadar nan da mako biyu na rubuta wa yaron wasiƙa, na ba shi labarin Mai Wurno da Giad da Kambo Tayba, na roƙe shi ya bincika abin da sashensa ke yi da wanda ake sayar wa. Ya amsa da ladabi, ya ce ya gode Baba, amma an hana su magana a kan aikin. Uwarsa ta ji labarin wasiƙar. Har yau in mun haɗu a ƙofar majami'a takan ce ina kwana, in ce lafiya lau, ta gyara ɗankwalinta ta wuce.